An Bar Masu Ruwa da Tsaki

Akwai wata magana da ba ta barin bakin 'yan jarida duk lokacin da gwamnati ta yi taro kan harkar teku: masu ruwa da tsaki. An gana da masu ruwa da tsaki, an ji ta bakin masu ruwa da tsaki, masu ruwa da tsaki sun yi na'am. Haka ake ta faɗa tun watan Agustan 2023, lokacin da Shugaba Tinubu ya ƙirƙiro ma'aikata ta musamman don harkokin teku da arzikin ruwa, ya damƙa ta a hannun Adegboyega Oyetola, tsohon gwamnan Osun. Haka aka sake faɗa a watan Mayun 2025, da Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da sabuwar manufar ƙasa ta shekara goma kan arzikin teku.

To, su wane ne waɗannan masu ruwa da tsakin? Duk wanda ke kallon tarurrukan nan a talabijin ya san fuskokin. Shugabannin hukumar tashoshin jiragen ruwa ne, da na NIMASA, da masu manyan jirage, da kamfanonin da ke riƙe da tashoshi, da ejan-ejan na fiton kaya, da lauyoyi, da malaman jami'a. Akan gayyaci shugaban wata ƙungiyar masunta, a ba shi kujera can baya da 'yan mintuna kaɗan. Amma mutumin da ya kwana cikin kwale-kwale, da matar da hayaƙin banda ya cinye mata ido, da direban da ya yi sati a layin Apapa, su sai dai su ji a rediyo cewa an ji ta bakinsu.

Ra'ayina a nan shi ne: kafa ma'aikatar daidai ne, rubuta manufa ma daidai ne, amma abin da ake kira tuntuɓa a harkar tekun ƙasar nan har yanzu sanarwa ce kawai aka sa mata riga. Kuma mu mazauna wannan unguwa muna cikin waɗanda abin ke ci, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Ina ruwan Bahaushe da teku?

Na san wani zai ce, Malam, mu da muka zo Ikko neman halali, ina ruwanmu da teku? Mu ba Ilaje ba, ba Egun ba, ba Ijo ba, yawancinmu ko iyo ba mu iya ba. To, ɗan uwa, tashi ka zaga unguwa ka ƙirga. Mutum nawa ne a layinku ke jan tirela ko tanka zuwa Apapa da Tin Kan? Yara nawa ne ke dako a bakin tasha, ko a ɗakunan sanyi na Ijora inda ake sauke katan-katan na titus da kote da shawa? Mutum nawa ne jarinsu kaf yana cikin busasshen jatan lande, wanda a kasuwa muke ce wa kirefish, suna saro shi daga Oron su loda zuwa Kano da Kaduna? Mai shayi da mai abinci da mai wankin mota da ke cin abinci a gindin waɗannan fa? Idan tasha ta tsaya kwana uku, ai har limamin unguwa sai ya ji a jikinsa.

Ga kuma tukunya. Alƙaluman da gwamnati da kanta ke bayarwa sun ce ƙasar nan na bukatar kifi wajen tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wannan ba sosai. Akan cike wani ɓangare na giɓin da kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi da dala. Shi ya sa duk lokacin da naira ta faɗi, sai uwargida ta dawo daga kasuwa da wutsiya maimakon tsoka. Kason da muke samarwa a gida kuwa, mafi yawansa daga hannun ƙananan masunta yake fitowa, masu kwale-kwale da koma, ba daga manyan jirage ba.

Sannan kada mu manta, ita wannan ma'aikata ce ke riƙe da NIWA, hukumar da ke kula da sufuri a koguna. Jiragen da ke kifewa da 'yan uwanmu a kogin Kwara, kamar wanda ya ci mutum sama da ɗari a yankin Patigi a watan Yunin 2023 suna dawowa daga biki, a teburin wannan minista maganarsu take. Ka ga ashe da ruwanmu, a nan kurmi da can gida.

Abin da ya kamata a yaba

Kafin suka, a faɗi gaskiya. Shekaru da dama harkar teku tana rakuɓe a ƙarƙashin ma'aikatar sufuri, harkar kifi kuma tana can a ma'aikatar noma kamar agola. Tattara su wuri guda ya sa yanzu akwai ƙofa ɗaya da za a ƙwanƙwasa. Ƙasar da ke da gaɓar teku ta kilomita 853 ta daɗe da cancantar haka.

Ta fuskar tsaro ma an ga canji. Dokar yaƙi da fashin teku ta 2019, da shirin Deep Blue da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Legas a watan Yunin 2021, sun taimaka ƙwarai wajen rage fashi da sace ma'aikatan jirage a ruwan Najeriya. Duk mai kaya a kwantena ya san amfanin wannan.

Amma duba da kyau ka ga wa aka fara share wa hawaye. Kamfanonin jiragen duniya ne suka yi kuka, suna da ofisoshi, suna da lauyoyi, suna da ƙungiyoyi masu rubuta wasiƙa ta isa fadar shugaban ƙasa. Aka ji su, kuma daidai ne a ji su. Masunci da 'yan fashi suka ƙwace wa injin kwale-kwale a bakin Bonny ko Ibeno, wanda shi ne jarinsa na shekara goma, shi wa zai rubuta wa?

Aski a bayan ido

Maƙwabtanmu Yarbawa suna da karin maganar da ke cewa ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa. A harkar gaɓar teku kuwa, askin bayan ido shi ne al'ada. Ga misalai a nan Legas, ba sai mun je nesa ba.

A watan Yulin 2012 aka bai wa mutanen Makoko wa'adin awa 72, sannan aka shiga da adduna da zarto ana sare gidajen da ke kan ruwa. Tsakanin Nuwamban 2016 da Afrilun 2017 aka tashi Otodo Gbame, ƙauyen masunta 'yan ƙabilar Egun a yankin Lekki. Ƙungiyar Amnesty ta ce mutum sama da 30,000 ne suka rasa matsuguni. A watan Yunin 2017 Babbar Kotun Jihar Legas ta yanke hukunci cewa korar ta saɓa wa tsarin mulki, ta kuma umarci gwamnati ta zauna da mutanen ta tattauna yadda za a sake tsugunar da su. Ka ji fa, sai da kotu ta ce a zauna da su, bayan ƙauyen ya zama fili. A watan Janairun 2020 kuma sojan ruwa suka kori dubban mazauna Tarkwa Bay cikin 'yan sa'o'i, bisa dalilin cewa ana fasa bututun mai a yankin.

Ba ina cewa gwamnati ba ta da hujja ko kaɗan ba. Fasa bututu laifi ne, gini a ƙarƙashin wayar wuta haɗari ne. Amma laifin mutum goma ba ya halatta a kori dubu, kuma da an zauna da dattawan wuraren tun farko, su ne za su fi kowa sanin ɓarayin da inda suke kwana.

Sai babbar hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kusan kilomita 700, wadda aka fara a 2024. Ministan ayyuka David Umahi ya yi tarurruka da jama'a a Legas, wannan gaskiya ne. Sai dai an yi su ne katafila na kan aiki. Abin lura a nan shi ne, an sauya layin hanyar a wajen Okun Ajah, kuma babban dalilin da aka bayar shi ne wayoyin sadarwa da ke fitowa daga ƙarƙashin teku a wurin. Ashe layi yana iya gocewa. Ya danganta da wanda ya yi magana, da kuma nauyin abin da zai yi asara.

Doka kuwa tana nan. Tun 1992 ƙasar nan ke da dokar da ta wajabta a binciki illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, a kuma baje rahoton jama'a su gani su yi ƙorafi, yawanci na kwana 21 na aiki. Amma yaya ake bajewar? Littafi ne jibgege da Turancin injiniyoyi, a ajiye shi a ofishin ma'aikata ko sakatariyar ƙaramar hukuma, a buga sanarwa a jaridar da masunci bai taɓa saye ba. Kwana 21 su cika, a rubuta cewa babu wanda ya yi ƙorafi. An cika sharaɗin doka, amma wallahi ba a ji kowa ba.

Namu ya same mu a Apapa

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Eto. A watan Fabrairun 2021 hukumar tashoshin jiragen ruwa ta fito da wannan tsari na kiran motoci ta intanet: sai an yi wa mota rajista, ta jira a garejin da aka amince da shi, a ba ta tikiti, kafin ta doshi tasha. Duk wanda ya san yadda Apapa take a da, lokacin da tireloli ke kwana a kan gada har Ojuelegba, ya san ana bukatar gyara, kuma an samu sauƙin cunkoso.

Sai dai an zauna ne da masu motoci da shugabannin ƙungiyoyi. Direba, wanda shi ne zai kwana a garejin, shi ne zai fuskanci masu tare hanya, shi aka bari a baya. Manhajar da Turanci take. Direban da bai iya ba dole ya nemi ɗan tsakiya, ɗan tsakiya kuwa ba don Allah yake yi ba. Ba a jima ba jaridu suka cika da labarin cuwa-cuwar tikiti da shingayen karɓar na goro. Da an tara direbobi hamsin a Marine Beach kafin a fara, an tambaye su da Hausa da Yarbanci da Buroka ta ina ɓera zai shiga wannan rumbu, da sun nuna kowace kafa. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Bincike: ilimin ofis da ilimin kwale-kwale

Ɓangaren bincike shi ne ya fi ba ni takaici, don a nan ne asarar ta fi yawa kuma gyaran ya fi arha.

Muna da cibiyar binciken teku ta ƙasa, NIOMR, a Victoria Island, tun 1975. Akwai ƙwararru a cikinta, mutanen da suka ba da rayuwarsu ga sanin kifi da igiyar ruwa da zaizayar gaɓa. A 2014 aka samo mata jirgin bincike mai suna Bayagbona. Amma fitar jirgin bincike sau ɗaya tana cin kuɗi masu yawa, kuma jirgi ɗaya ba zai iya zama a ko'ina ba. Masunta kuwa dubbai ne, kullum suna kan ruwa daga Badagry har Bakassi, da kuɗin mansu, da idonsu. Su ne suka san watan da bonga ke matsowa gaɓa, da inda kifi ke zuba ƙwai, da shekarar da girman kifin ya fara raguwa. Matan da ke banda su ma suna da nasu lissafin: kwando nawa ake saukewa bana, nawa ake saukewa shekara biyar da suka wuce. Wannan duk ilimi ne, sai dai babu mai rubuta shi, mai shi kuma idan ya mutu ya tafi da abinsa.

Abin da ya faru a farkon 2020 ya isa darasi. Matattun kifaye, yawancinsu kuroka, suka riƙa fitowa gaɓa a jihohin Delta da Bayelsa da Ribas da Akwa Ibom. Mutanen ƙauyukan ne suka fara gani, suka yi ta kuka makonni. Kafin hukumomi su kammala ɗibar samfuri su fitar da sakamako, an shiga watan Mayu. Hukumar NOSDRA ta ce ba malalar ɗanyen mai ba ce, ta danganta abin da guba daga sharar da ake zubarwa a ruwa. Mutanen yankin da yawa ba su gamsu ba, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda ba da su aka yi binciken ba. A tsakanin nan rahotanni sun nuna wasu na kwasar kifin suna busarwa suna sayarwa. To ina busasshen kifi ke zuwa in ya bar gaɓa? Kasuwanninmu. Hannun 'yan uwanmu yake bi ya hau mota zuwa Arewa. Da akwai tsarin da masunci zai buga waya ranar farko a zo a ɗebi samfuri washegari, a kuma sanar da shugabannin kasuwar kifi na Legas da Onitsha da Kano, da an san dalili da wuri, da an kare masu ci.

Haka maganar manyan jiragen jan taru. Dokar kamun kifin teku ta 1992 ta hana su shiga mil biyar na farko daga gaɓa, wato kusan kilomita tara. An keɓe wannan wuri ne don ƙananan masunta, kuma nan ne ƙananan kifaye ke girma. Shekara da shekaru masu kwale-kwale ke kukan cewa jiragen na shigowa da dare, su tsinka musu koma, su kwashe 'ya'yan kifi. Jami'an da za su tsare gaɓa mai tsawon nan ba su da yawa. Amma yau kusan kowane kwale-kwale akwai waya mai kyamara a ciki. Me ya hana a mai da masunta idon hukuma, a ba su lambar da za su tura hoto, a kuma riƙa sanar da su hukuncin da aka yi wa jirgin da aka kama? Mutum ba zai ci gaba da kai rahoto ba idan rahoton rijiya yake faɗawa.

Wani abin kuma, masu bincike kan zo da takardar tambayoyi, su ɓata wa mutum rabin yini, su tafi. Sakamakon ya fito a wata mujallar Turai da ko sunanta mai amsa tambayar ba zai taɓa ji ba. An ɗauki iliminsa, ba a dawo masa da ko sannu ba. Gobe in wani ya zo da takarda, sai ya faɗa masa abin da ya ga dama. Ta haka ake samun alƙaluman bogi, a kuma gina manufa a kansu.

Masu cewa tuntuɓa ɓata lokaci ce

Akwai masu cewa, in ka tsaya jin ta bakin kowa ba za ka taɓa gina komai ba, kuma masunci cikinsa kawai ya sani, in ka tambaye shi ba zai taɓa yarda a hana shi kamun kifi ko na kwana ɗaya ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, bai kamata a yi watsi da ita ba. Mu duba Gana.

Ƙananan kifayen da talakan Gana ya dogara da su sun yi ƙasa sosai, masana suka ba da shawarar a rufe teku wata guda a lokacin da kifi ke zuba ƙwai. A 2018 gwamnati ta sanar da rufewa a watan Agusta, da ɗan gajeren wa'adi, a daidai kakar da masunta suka ci bashi suka shirya mata. Suka yi tsaye suka ce ba su yarda ba, dole aka janye. Shekara guda ta tafi a banza. A 2019 aka zauna da su, aka rufe daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Yuni. Masana sun ce ba wannan ne lokacin da ya fi dacewa ba, amma an bi dokar, an kuma saba da ita. A 2021 aka matsar da hutun zuwa watan Yuli, kusa da abin da masanan ke so. Har yau maganar ba ta mutu ba, don a 2025 sabuwar gwamnati ta cire masu kwale-kwale daga hutun, masana na ta ƙorafi. Tuntuɓa ba ta kawar da rigima. Amma lura da wannan: shekarar da aka yi gaggawa ita ce shekarar da ba a rufe komai ba.

Mu kanmu muna da namu misalin a gida. Tun kafin a san wani abu wai shi ma'aikata, ƙasar Kabi da Yawuri suna da Sarkin Ruwa. Shi ke cewa wannan gurbi an rufe shi sai baɗi, kuma a bi, don masunta sun san shi, ya san su, tare suke cin riba tare suke asara. Bikin Argungu da duniya ke zuwa kallo, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, ai a kan wannan yake tsaye: ana hana su a Matan Fada sai ranar da aka ba da izini, shi ya sa ake samun manyan kifayen da ake ɗagawa a hoto. A tafkin Kainji ma, aikin haɗin gwiwa da Jamusawa da aka fara a 1993 ya bi ta hannun masarautu da sarakunan ruwa wajen fito da lasisi da hana jan babban tarun nan da ake kira dala, mai kwashe har 'ya'yan kifi. Masuntan teku su ma suna da shugabanninsu da ranakun hutunsu na gargajiya. Tsani yana nan a jingine, hukuma ce ke ƙin takawa.

Majalisar Ɗinkin Duniya ma, ta hannun hukumarta ta abinci FAO, ta fitar da ƙa'idoji a 2014 kan ƙananan masunta, waɗanda suka tanadi a sa su cikin yanke shawara, har da mata masu sarrafa kifi da masu sayarwa. Najeriya mamba ce a wannan hukuma. Ba sabon abu muke roƙo ba.

Namu laifin

Kada mu tsaya nuna gwamnati da yatsa ɗaya mu manta sauran na kallonmu. Sau nawa aka aiko wa unguwa da takardar gayyata, aka tura wanda bai san komai a sana'ar ba don kawai yana da babbar riga? Ya je ya ci abinci, ya karɓi kuɗin mota, ya sa hannu a rajista, ya dawo bai tara kowa ya faɗa musu abin da aka ce ba. Wannan sa hannun nasa shi ne za a nuna gobe a ce Hausawa ma sun amince. Muna girmama sarakunanmu da dattawanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, amma maganar tikitin tasha direba ya kamata ya raka su, maganar kifi kuma mai kifi.

Na biyu, da yawa daga 'yan kasuwarmu ba su cikin kowace ƙungiya mai rajista. Hukuma kuwa takarda take gani. Wanda ba ya cikin takarda, a wurinta babu shi.

Na uku, mu ma muna ɓata ruwan. Ledar ruwa da robar abinci da muke turawa kwata in an fara ruwan sama, a lagun suke ƙarewa, daga nan su faɗa teku, su dawo cikin komar masunci. Da gwamnatin Legas ta hana robar abinci ta soso a Janairun 2024, mun yi ƙorafin ba a ba da lokaci ba, kuma da gaskiyarmu. Amma kwatar ƙofar gidanmu ba gwamna ne ya cika ta ba. Haka masu zuba maganin ƙwari a busasshen kifi don kada ya yi tsutsa. Wanda ke son a saurare shi a matsayin mai haƙƙi, sai ya fara tsare haƙƙin mai ci.

Abin da za mu nema

Manufar nan ta shekara goma ce, yanzu aka fara aiwatar da ita, don haka ba a makara ba. Ga abin da nake ganin ya kamata mu nema, mu da maƙwabtanmu masunta, da murya ɗaya.

A riƙa yin taro a inda mutane suke: bakin ruwa, kasuwar kifi, garejin tireloli, a lokacin da ba su kan aiki, da harshen da suke ji. A yi shi kafin a yanke shawara, ba bayan an ba da kwangila ba. Bayan taro a fito a faɗa: ga abin da kuka ce, ga wanda muka ɗauka, ga wanda muka bari da dalilinmu. Wannan na ƙarshen shi ne ma'aunin gane taron gaskiya da na hoto. A ba masunta da mata masu banda da direbobi kujeru na dindindin a kwamitocin ma'aikatar, su kuma su zaɓi wakilansu da kansu. Cibiyar bincike ta ɗauki 'ya'yan masunta masu ɗan karatu su riƙa rubuta abin da ake saukewa a kowace gaɓa, a biya su, sannan a dawo da sakamakon ta rediyo da saƙon murya na WhatsApp.

Mu kuma a nan unguwa, shugabannin direbobi da na 'yan kifi da na 'yan dako su zauna su fitar da mutum biyu ko uku masu bibiyar wannan harka, su riƙa kawo rahoto bayan sallar Juma'a ko a shafin wannan mujalla. Su nemi shugabannin Egun da Ilaje da matan kasuwar kifi su gaisa, tun kafin wata masifa ta haɗa mu. Ranar da aka tashi Otodo Gbame yawancinmu mun ce ba ruwanmu. Su ma haka suke cewa in an rushe kasuwarmu. Wanda ke amfana da wannan ba-ruwana ɗin shi ne mai katafila.

Teku ba ta gwamnati ba ce ita kaɗai, ba ta masu jirage ba ce su kaɗai. Amana ce da Allah ya shimfiɗa, miliyoyin bayinsa ke ci daga gare ta, har da mu da muka zo daga nesa. In dai za a ci gaba da raba ta a ɗakin taron otal, to za a ci gaba da rubuta cewa masu ruwa da tsaki sun amince, alhali masu ruwan na gaskiya an bar su a waje suna tsaki. Allah ya ba shugabanninmu kunnen saurare, mu kuma ya ba mu bakin faɗa a kan lokaci.